Baƙon da Ya Zama Sarki

A shekara ta 2002 Deborah Pellow, malamar jami'a daga Amurka, ta buga littafi mai suna Landlords and Lodgers, wato masu gida da 'yan haya, a kan Sabon Zongo na Ankara ta ƙasar Gana. A ciki akwai labarin Malam Bako, Bahaushe, wanda ya sami fili daga hannun mutanen Ga a farkon ƙarni na 20, ya rarraba wa mabiyansa, ya zama sarki a ƙasar da ba ta kakanninsa ba.

Aikin ya isa yabo, gama sunan baƙon sarki yakan ɓace da sauri. A dubi Gutred, ɗaya daga cikin mutanen Denmak, wanda ya yi mulki a York ta Ingila har ya mutu a 895. Yawancin labarinsa daga bakin firistocin Kutbat Mai Tsarki ya fito, su kuwa abin da ya dame su shi ne ƙasar da ya ba ikkilisiyarsu. Pellow ta fi su adalci, don ta shiga gidaje, ta saurari mazauna unguwar da kansu.

Amma akwai aibi. Da Turancin jami'a aka rubuta littafin, alhali kuwa Hausa ce harshen zongo. Tsoho ya ba da labari, jikansa bai iya karanta masa ba.

Nima ma baƙo ne ya kafa ta, wato Malam Amadu Futa. Ya kamata 'ya'yan Nima da Mamobi su zauna gaban dattawa tun suna raye, su rubuta labarinsa da Hausa.