Matsa biyu, hutu a tsakani

Ka tsaya wurin mai faci a Gwiwa, ka taɓa gindin famfonsa bayan ya cika tayar keke. Za ka ji shi da zafi rau. Iska in an matsa ta zafi take ɗauka, kuma da wannan hali nata firji ke aiki: kwamfuresa ta matse gas, ya zubar da zafinsa a bayan akwati, a sake shi ya buɗe, ya kwashe zafin ciki.

Da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta fara korar gas ɗin firji mai cinye rufin ozon na sararin sama, wani farfesa ɗan Norwe, Gustav Lorentzen, ya waiwayi iskar kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa da numfashi, wadda ke kumfa a kwalbar lemo. Ba ta kama wuta, ga araha. Sai dai akwai taurin kai! Da zafi ya wuce digiri 31, duk matsar da aka yi mata ba ta komawa ruwa, mu kuwa da bazara 40 ba labari ba ce. Dole a kai matsinta wajen ma'aunin bar 90, alhali tayar babur 2 take sha.

A nan gwanaye suka burge ni. Ba sa ɗaga ta tashi ɗaya. Fistin na farko a cikin kwamfuresa ya kai ta zango, a bi da ita cikin bututu ta huce ta tsuke, sannan na biyu ya ƙarasa. Iskar da ta huce ba ta gardama, don haka injin bai shan lantarki da yawa, man cikinsa kuma bai ƙonewa.

To, ina zangon? In daga 10 za a kai ta 90, ɗan koyo zai ce 50, tsakiya ke nan. Gwani zai tsaya wajen 30: goma sau uku talatin, talatin sau uku casa'in, kowane fistin ya ɗauki kaya daidai da ɗan'uwansa. Lissafi ne ɗan ƙarami, amma a kuɗin gas na janareta ake ganin albarkarsa.

Masu tumatir da masu ƙanƙarar azumi na nan suna jiran ɗakunan sanyi da za su jure zafin Afrilu. Ɗaliban Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure, ga sana'a, ku rungume ta tun yanzu.