"A Wani Gari": Magana Kan Labaranmu Marasa Mazauni

Ƴan'uwa, na karanta labaran ƙasidarmu da ta gabata har sau biyu, kuma abu guda ya tsaya mini a rai. Kusan kowanne da "a wani gari, a wani zamani" ya buɗe. Wane gari ne wanga da ba ya da kasuwa, ba ya da damina, ba a san ko da sefa ake ciniki ko da naira ba?

Da na yi wannan ƙorafi a zamanmu, wani ɗan'uwa ya ce mini ai soyayya da zalunci ba su da gari, ba su da shekara, don haka labarinsu bai buƙatar adireshi. Amsar ta yi daɗin ji, amma fa tambaya ce babba ya taɓo bai sani ba: shin akwai abin da zai wanzu ba wuri, ba lokaci, ba jiki?

Wanda duk ya zauna gaban malam a zaure ya ɗauki Ummul Barahina ta Shehu Sanusi, mutumin Tilimsan da ya rasu a 1490, ya san malaman tauhidi sun daɗe da auna wannan magana. A wurinsu halitta kashi biyu ce: jirmi, wato abin da ya cike wani gurbi, da aradi, wato siffar da ba ta tsayuwa sai a jikin wani abu, kamar fari a jikin riga ko motsi a jikin doki. Wanda bai buƙatar mazauni, wuri bai kewaye shi ba, zamani bai shuɗewa a kansa, Allah ne shi kaɗai. Ko masu ilimin kimiyya, tun bayan aikin Ainishtain na 1915, cewa suke sarari da lokaci a ɗaure suke da abin da ke cikinsu, nauyin abu yana lanƙwasa su. To in haka ne, zaluncin da ɗan'uwana yake magana aradi ne. Sai ya samu jikin da zai hau.

Ku ɗauki labarin nan na yarinyar da aka cire daga lakwal aka yi wa aure. Rubutun ya yi kyau, ban musa ba, wurin da uwar ta ɓoye kayen ɗiyarta cikin tukunya ya sa na ajiye takardar na ɗan yi shiru. Amma yarinyar ba ta da ƙasa ƙarƙashin ƙafarta. In a Ɗan Isa take, bakin iyaka, mijin wataƙila ɗan fataucin Jibiya ne, kuma guduwa tana da hanya. In a wani ƙauye take bayan dajin Baban Rafi, to gudun ma wani abu ne daban. In shekarar yunwa ce, uban da ya karɓi sadaki yana da hujjar da za ta sa mai karatu ya rasa wa zai tsine wa. Marubuciyar ta hana mu duk wannan. Ni kuma ina zargin ba salo ba ne, tsoro ne. Abin da ya faru "a wani gari" ba ya jawo wa kowa kira daga kawu ko mai unguwa. Na fahimci tsoron, ni ma a garin nan nike kwana. Sai dai kukan da ba a san gidan da ya fito ba, wa zai je ceto?

Abubakar Tafawa Ɓalewa bai yi haka ba a Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. Ya ce Kagara, ya ce Murzuk, ya ce Tarabulus. Uwar da ke neman ɗanta tana taka hanyar da bayi na gaske suka taka, shi ya sa ƙishirwarta ke kama maƙogwaron mai karatu.

Za a ce to tatsuniya fa? Gaskiya ne, garin Gizo ba ya cikin taswira. Amma Gizo yana da ciki mai jin yunwa, yana da tsamin baki, yana da Ƙoƙi da ke jure masa, yana da gona da sarkin da zai yi wa ƙarya. An cire masa sunan gari, ba a cire masa jiki ba. Mutanen labaranmu kuwa ko tuwo ba su ci.

Inda ɗan'uwana ya kusa kayar da ni shi ne kan lissafi. Ya ce 99 fa, ina take zaune? Ba ta tsufa, ba ta da nauyi. Na yarda wannan tana da wuya, masana sun daɗe suna jayayya a kanta, ba ni zan raba gardamar ba. Abin da na sani, mu nan Madarunfa ba mu taɓa gamuwa da 99 tsirara ba. Mun same ta a ƙwayoyin tasbaha, mun same ta a kaburburan waliyyai da ake faɗin suna kewaye da tafki, waɗanda jama'a ke zuwa ziyara lokacin Mauludi, har aka sa wurin cikin jerin jiran UNESCO a 2006. Tafkin nan yana gabanmu, da masunta da kwale-kwalensu, da ruwan da ke ja baya in rani ya yi nisa, amma cikin ƙasidar nan tamu ko sau ɗaya ba wanda ya jiƙa ƙafa a cikinsa.