Littafin Malama Richardson da Zanen Yara

Jama'a, akwai wani littafi, Art and the Child, na Malama Marion Richardson, wanda aka buga a 1948 bayan rasuwarta. Ta yi karatu a Makarantar Zane ta Bamingam, ta koyar da 'yan mata a Dudley. Dabararta ita ce yarinya ta rufe ido, ta ga sura a zuciyarta, sa'an nan ta zana. Wannan abin yabo ne, gama ya kuɓutar da yara daga kwaikwayon hannun malami.

Amma littafin ba zai wadatar da mai koyar da buga zane ko majigin zane ba, domin waɗannan sai da lissafi da haƙuri. Hatimi a juye ake sassaƙa shi, in ba haka ba ya fito a birkice. Majigi kuwa hoto 24 yake ci a daƙiƙa guda. Da irin wannan jimiri Cosgrove da Hall na Mancesta suka fito da Danger Mouse a 1981.

To, dattawa, yaron da ya iya zayyanar allo ya riga ya sami haƙurin nan. Kada a ce masa zane wasa ne. A ba shi katako da tawada, a kuma nema masa malami.