Shashatau da kurciya a labarin Harry Potter

Ranar Larabar da ta wuce, bayan an tashi daga kasuwa, muka tarar da yara sun yi dafifi a ƙofar shago, kowa ya zuba ido kan waya guda suna ta ƙyaƙyata dariya. Wai fim ɗin Harry Potter suke kallo. Da yake 'ya'yanmu na makarantun boko har littattafan suke kawowa gida, muka ce bari mu zauna mu ga abin da ke ciki. Hukuncin sihiri dai kowa ya sha jinsa a kan mumbari, ba shi za mu maimaita ba. Wani abu ne daban ya tsaya mana a rai.

Marubuciyar, J.K. Rowling 'yar Ingila, ta fitar da littattafai bakwai daga 1997 zuwa 2007. A duniyar da ta ƙaga, matsafa suna zaune cikin mutane a ɓoye, da makarantarsu da bankinsu, har da ma'aikatar gwamnati tasu. Babbar dokarsu ita ce kada gama-garin mutane su san da su. To, idan wani bawan Allah ya ga abin da bai kamata ya gani ba fa? Sai ma'aikata su zo, su nuna shi da sanda, su shafe abin daga ƙwaƙwalwarsa. Aikin albashi ne, kamar na masu duba mitar wuta.

Mu wannan ba baƙonmu ba ne. Sunansa shashatau, asirin da ake cewa macuci na yi don mai haƙƙi ya shashance da haƙƙinsa. Sai dai a tatsuniya da finafinanmu, mugu ne ke zuwa wurin boka neman irinsa, kuma labari ba ya ƙarewa sai asiri ya tonu. A nan kuwa mutanen kirkin labarin ne ke yi.

Gaskiya marubuciyar ta san ta kan abin idan ta ga dama. A littafi na biyu akwai malami Lockhart, wanda ke bin jarumai yana jin labarin bajintarsu, ya shafe musu tunani, ya buga littafi da sunansa ya yi suna. Ƙarshe ya ɗauki karyayyar sanda zai yi wa ɗalibansa, reshe ya juye da mujiya, ya manta ko shi waye. Nan kam ta burge mu. Ta nuna cewa mai satar tunani ɓarawo ne.

Amma je ka littafi na bakwai. Yarinya Hermione, don ta kare iyayenta daga maƙiya, ta juya musu tunani suka ɗauka wasu mutane ne daban, suka manta sun taɓa haihuwa, suka tattara suka koma Ostareliya. Jama'a, wannan in ba kurciya ba mece ce? Abin da ake zargin kishiya da yi wa ɗan miji, ya bar gari ya shiga uwa duniya bai waiwayo ba, shi 'ya ta yi wa mahaifanta. Kuma an tsara wurin ne don mu tausaya wa yarinyar, ita da ta yi, ba uwar da aka raba da sanin 'yarta ba. Littafin bai nuna mana an zauna da iyayen an nemi yardarsu ba.

Malamai sun ƙidaya hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare, tare da addini, rai, nasaba da dukiya. Mu 'yan kasuwa kuma mun san abin da ya sa aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta zama ta rubuta bashi da kafa shaidu. Wanda aka ƙwace wa tunani ba ya ƙara, ba ya shaida, ba ya ma iya yafewa, don bai san an cuce shi ba.

Ta fuskar iya labari ma, dabarar ragwanci ce. Duk ɓarnar da matsafa suka yi a bainar jama'a, layi biyu ya share ta. Ku tuna Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne Malam Zurƙe ba ya mantuwa: Alhaji Imam ya yi masa, ya ajiye a ransa, su haɗu a wani gari ya rama. Da za a shafe masa tunani tun karon farko, ina sauran littafi?

Wani zai ce ai mantuwa rahama ce ga wanda ya ga tashin hankali. Mu mutanen Nyanya ba sai an ba mu labarin tashin hankali ba. Safiyar 14 ga Afrilun 2014 bam ya tashi a tasha, sama da mutum 70 suka rasu. Akwai masu firgita har yau idan taya ta fashe. Duk da haka, wa zai yarda wani jami'i ya zo ya goge masa wannan safiya, ya bar shi yana tambayar ina ƙaninsa ya shiga? Balle a labarin ba don jinƙai ake gogewar ba, don sirrin masu sanda ne.

Wanda ya fi ba mu tausayi shi ne Mista Roberts na littafi na huɗu, mai kula da filin da matsafa suka kafa tantuna don kallon gasarsu. Ma'aikaci na ƙorafin sai an shafe masa tunani sau goma a rana. Da dare miyagu suka ɗaga shi sama da matarsa da 'ya'yansa suna wasa da su kamar 'yar tsana. Gari na wayewa aka sake shafe shi, ya tsaya bakin ƙofa a dimauce yana yi wa mutane barka da Kirsimeti a cikin watan Agusta. An ce zai warware, aka wuce. Ba a sake komawa kansa ba har littattafan suka ƙare.