Tartibin Wallafa a Sifawa da Boɗinga, da Kundin Ɗalibin Jami'a

Duk ɗalibin da Allah ya nufe shi da shiga jami'a a ƙasar nan, ko wane fanni ya zaɓa, ba zai fita da shahada ba sai ya sha rubuta maƙalu, tun daga jingar da malami kan bayar a tsakiyar zango har zuwa kundin shekarar ƙarshe, wanda ɗalibai ke kira furojet. Shi wannan kundi galibi an riga an yanka masa babi biyar: gabatarwa, da bitar ayyukan da suka gabata, da hanyoyin gudanar da bincike, da nazarin abin da aka samo, da kammalawa, sa'an nan a biyo da manazarta. Tsari ne mai fa'ida, ba ni da ja a kansa. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawa daga cikin 'ya'yanmu suka ɗauki babukan nan tamkar rumbuna biyar da aka ce lalle a cika su kafin ranar miƙawa, ko da hatsi ko da ƙaiƙayi, har ka ga mutum ya kai babi na uku, alhali in ka tsayar da shi ka ce ya faɗa maka mas'alar da yake son warwarewa, sai ya karanto maka taken kundin ya yi shiru.

Ɗan Boɗinga ko ɗan Shagari da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ko a Jami'ar Jihar Sakkwato, shi ne mafi ƙarancin uzuri a wannan al'amari, domin kuwa a ƙofar gidansu aka yi ɗaya daga cikin manyan zamunan wallafa da ƙasar Hausa ta taɓa gani. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa daga wajen 1810 har zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga, nan kusa da shi, Muhammadu Bello yana Sakkwato. A cikin 1812 kaɗai Shehu ya wallafa Najmul Ikhwan, Abdullahi ya wallafa Ida'un Nusukh da Liya'us Sulɗan, Bello ya kammala Infaƙul Maisuri. Shekara na zagayowa Abdullahi ya fito da Tazyinul Waraƙat. Mutanen da ke ɗauke da nauyin sabuwar daula, ga shari'u, ga baƙi, ga ɗalibai a zaure, ga tsadar takarda wadda sai fatake sun ƙetaro hamada da ita, ba su da halin su yi ta zuba tawada suna jiran ma'ana ta zo daga baya. Dole ne littafin ya tsaru a zuci kafin alƙalami ya taɓa takarda.

Wanda ya buɗe irin waɗannan littattafai zai ga alamar haka tun a warƙar farko. Bayan basmala da hamdala da salati, mawallafi yakan ambaci sunansa da sunan littafin, sau da yawa ya faɗi dalilin da ya sa ya ɗauki alƙalami, ko tambaya ce aka yi masa, ko wani saɓani ne ya taso a cikin jama'a, sa'an nan ya bayyana yadda ya kasa aikin, babi kaza ko fasali kaza, kowanne da abin da zai yi magana a kai. Ihya'us Sunna na Shehu babi 33 ne, Bayanu Wujubil Hijra kuwa, wanda ya kammala a 1806, fasali 63 ne. Adadin bai zama ɗaya ba domin mas'alolin ba ɗaya ba ne. Abin da ake son tabbatarwa shi ya haifi rabon, shi ya ce ga inda za a tsawaita, ga inda za a taƙaita.

Amma abin da na fi so ɗalibi ya tsaya a kansa shi ne ladabin naƙali. Malaman nan sun cika littattafansu da maganganun magabata, irin su Suyuɗi da Magili da Ahmadu Zarruƙ, har wani shafin kusan dukansa cirowa ce. Sai dai ba su bar mai karatu cikin shubuha ba. Sukan ambaci mai maganar da littafinsa, in maganar ta ƙare su sa alamar intaha, in kuma za su faɗi nasu ra'ayi su buɗe da ƙultu, ta yadda ko almajirin da bai daɗe da fara littattafai ba zai iya aza yatsa ya nuna inda bakin Suyuɗi ya tsaya, bakin Shehu ya fara. Malam Abdullahi ma ya wuce nan, domin Ida'un Nusukh gaba ɗayansa lissafi ne na malaman da ya ɗauki ilmi a wurinsu, da yayansa Shehu da Malam Jibrilu ɗan Umaru da sauransu, da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. To, ina wannan, ina babi na biyu da aka kwaso daga intanet, ko daga tsohon kundin wani da aka saya a shagon buga takardu, aka jera sunayen masana goma sha, kowa da shekararsa a baka biyu, ba wanda aka karanta, ba kuma inda ɗalibin ya fito ya ce ga nasa? Ana kiran wannan satar fasaha, ana tsoratar da ɗalibai da na'urar da ke kama ta. Ni kuwa a wurina cin amana ne tun kafin a ƙirƙiro na'urar, kuma hasararsa ta fi faɗa wa mai yin sa, wanda zai fita jami'a bai taɓa gwada nauyin hankalinsa ba.

Akwai masu cewa kunya ce ke hana yaranmu faɗin ra'ayi a gaban na gaba. Hujjar ba ta tsaya ba. A shekarun Sifawa ɗin nan Abdullahi ya saɓa wa yayansa, wanda kuma malaminsa ne, a kan mas'aloli irin su laƙabin sarauta da kiɗa da tufafin masu mulki, saɓanin kuma a rubuce aka yi shi, kowa ya kawo dalilinsa, girmamawa ba ta ragu ba. Har Shehu ya yi wa jama'a wasiyya a Najmul Ikhwan da su lizimci karanta littattafan ƙanen nasa da na ɗansa Bello.

Ba kuma ina nufin tafarkin magabata ya wadatar ba ne. Malaman jihadi galibi nassi suke bi, ba su bukaci ambaton shafi da shekarar bugu ba, alhali binciken jami'a yana neman a fita a tambayi mutane, a ƙirga, a auna, a kuma bar sawun da wani zai bi ya tabbatar. A nan ne ma tsara aiki ya fi zama wajibi. Ɗan Shagari da ya ce zai yi rubutu a kan noman rani a Arewa ya ɗauko abin da ba zai iya sauke shi ba. In kuwa ya tsaya a kan manoman da ke amfani da madatsar ruwa ta garinsu, ya tambayi abin da ke hana wasunsu yin noman shekara biyu a jere, nan take zai san wa zai gani, wace takarda zai nema, wane littafi ne ya shafe shi, wane ne kuma zai ajiye komai shahararsa. Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, da ya so yara su riƙe labarin ƙasa da tarihinta, sai ya tsara musu Waƙar Nijeriya, domin ya san waɗanda yake wa magana da abin da yake so ya zauna a ƙirjinsu. Sanin nan biyu shi ne abin da mafi yawan kundayenmu suka rasa.

Saboda haka roƙona ga malamai masu duba kundi, duk da na san yawan ɗaliban da ke wuyan kowannensu, shi ne kada su karɓi babi na ɗaya daga hannun ɗalibi sai ya fara kawo warƙa guda tak, wadda ya rubuta mas'alarsa a kai cikin jimla ɗaya, da dalilin da ya sa ta cancanci bincike, da rabon babukansa, da littattafan da ya riga ya karanta da idonsa. Ku kuma ɗalibai na Boɗinga da Shagari, in kun shiga Sakkwato, ku ware yini guda ku je Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, ku roƙi a nuna muku warƙar farko ta ɗaya daga cikin littattafan Malam Abdullahi kafin ku zauna rubuta taku.