Kaji Biyu, Maza Biyu: Tarihin Bugu da Karɓuwar "Labarin Kalala da Kalalatu"

Daga cikin labaran da Alhaji Abubakar Imam ya zuba a Magana Jari Ce, kaɗan ne suka kai "Labarin Kalala da Kalalatu" shiga bakin jama'a. A ƙasarmu ta Gaya da Ajingi akwai dattawan da ba su taɓa riƙe littafin ba, amma da an ambaci Kalalatu sai su murmusa. Duk da wannan farin jini, ina ganin har yau ba a yi wa labarin adalci ba. Masu yabo sun tsaya ga zaƙin Hausarsa, masu bincike sun tsaya ga inda aka samo shi, an bar tambayar da ta fi kowace nauyi: me Imam ya yi da abin da ya samo?

Sai an san yadda littafin ya samu kafin a yi masa hukunci. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai, domin yaran da suka koyi boko ba su da abin karantawa da harshensu. Wannan gasa ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina a lokacin. A 1936 aka aro shi zuwa Zariya na wata shida, East ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya nemi ya samar da littafin karatu na makarantu. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939. Daga nan littafin ya bi hannun magadan hukumar: Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA ta shekarun 1950, sannan kamfanin NNPC na Zariya daga 1966. Wato labarin Kalala bai fito a jarida ko mujalla shi kaɗai ba. A cikin littafin makaranta aka haife shi, a bakin aku aka sa shi, a aji kuma yawancinmu muka gamu da shi.

Ƙashin bayan labarin gajere ne. Maigida ya kawo kaji biyu a gyara domin shi da baƙonsa. Mai girki ta ɗanɗana, ɗanɗano ya zarce, har kajin suka ƙare. Da baƙo ya iso, maigida na can yana wasa wuƙa, sai ta raɗa wa baƙon cewa dominsa ake wasa ta. Baƙo ya ranta a na kare. Ta juya ta ce wa maigida baƙonsa ya sure kajin ya gudu. Maigida ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko ɗaya, shi yana nufin kaza, baƙo kuwa yana jin wata gaɓa ta jikinsa ake nufi, sai ya ƙara mai.

Karɓuwar labarin ta bi matakai uku. Na farko shi ne zamanin yabo. Malamai sun ɗauki littafin ma'aunin daidaitacciyar Hausa, ɗalibai suna haddace karin maganarsa domin jarrabawa, masana irin su Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, mai Hausa a Rubuce na 1988, suka ba shi babban gurbi a tarihin rubutun zube. Mataki na biyu shi ne fitarsa daga takarda, musamman da gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da labaran littafin wasan kwaikwayo, wanda bai yi boko ba ma ya san su. Na uku shi ne zamanin bin sawu. Manazarta irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi, mai Adabin Abubakar Imam, da Farfesa Abdalla Uba Adamu, sun bi diddigin labaran zuwa tushensu: Dare Dubu da Ɗaya, da hikayar aku mai ba da labari ta ƙasar Indiya, da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, Jacob da Wilhelm Grimm. A tarin Jamusawan nan akwai labari mai lamba 77, na wata kuku mai wayo wai ita Gretel, wanda ƙashin bayansa da na Kalalatu ɗaya ne.

Wannan bincike aiki ne mai daraja, ba ni da ja a kansa. Damuwata ita ce yadda ya isa kunnen matasa. Mu da muka karanta littafin a makarantun Gaya da Ajingi, ba wanda ya taɓa gaya mana a aji cewa labaran suna da dangi a wasu ƙasashe. An bar mu da zaton komai daga kan Imam ya fito. Saboda haka ranar da ɗalibi ya ci karo da Gretel, sai ya ji kamar an yaudare shi, ya tashi daga matsanancin yabo ya faɗa matsanancin zargi, har ka ji yana kiran aikin satar fasaha. Alhali Imam bai ɓoye ba. A tarihin rayuwarsa da Abdurrahman Mora ya tace aka buga a 1989, bayan rasuwarsa a 1981, ya bayyana yadda aka ba shi littattafai ya yi aiki da su. Su kansu Jamusawan ba su suka ƙagi labarin ba. Sun ɗauko shi daga wani tsohon littafin wa'azi, suka sa shi a bugunsu na 1819, masana tatsuniya kuma sun same shi a ƙasashe da dama har suka ba irinsa lamba 1741 a jadawalinsu.

Mu mutanen Gaya bai kamata wannan ya rikita mu ba. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya, Abagayawa, su suka tafi Dala neman tama, har aka ce sunan ɗayansu ne ya zama sunan Kano. Ba maƙerin da ya taɓa halittar tama. A ƙasa yake samunta, kuma ba a tambayarsa ramin da ya haƙo ta, garmar da ya ƙera ake dubawa.

To, me Imam ya ƙera? Babban abin da ya sauya shi ne dangantakar mutanen biyu. Gretel 'yar aiki ce, mai son kurɓar giya, tsakaninta da maigidanta lada ne kawai. In ta cinye kaji, ta ci amanar aiki, magana ta ƙare. Kalalatu kuwa matar aure ce a gidan Bahaushe, wadda cinta da shanta suke wuyan mijinta a shari'a da al'ada. Da wannan sauyi guda, lissafin labarin ya juya. Kaji biyu ne, masu ci maza biyu ne. Ina rabon wadda ta fige, ta wanke, ta sha hayaƙi? Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san tsarin: a kai akushi zaure da tsoka, a bar wa cikin gida wuya da ƙafafu da romo. Mai karatu Bajamushe yana dariyar wayon baranya. Mace Bahaushiya da ke sauraron labarin a tsakar gida a Ajingi tana dariyar wani abu daban, domin ta san yadda ƙamshin abin da ba a lissafa da kai ba yake.

Haka kuma baƙunci. A wurinmu baƙo yana da alfarma, mutuncin maigida kuma yana rataye da yadda ya karɓe shi. Magidanci ya fito titi da wuƙa tsirara yana bin baƙonsa a guje, wannan tozarci ne da ya fi asarar kaji nesa ba kusa ba. Ashe abin da Kalala ya so ya saya da kajinsa, wato suna a idon mutane, shi ne ainihin abin da ya rasa.

Ba zan ce Imam ya rubuta labarin domin kare haƙƙin mata ba. Mutumin zamaninsa ne, labarin kuma ya zauna daram cikin tsohon zancen makircin mata, haka ma aka fi koyar da shi: Kalalatu makwaɗaiciya, maƙaryaciya. Wannan karatu yana da hujja, domin ta yi ƙarya, ta kuma jefa bawan Allah cikin firgici ba da laifinsa ba. Sai dai rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin ya jira har ƙarshen shekarun 1980 zuwa 1990, lokacin da marubuta mata na Kano irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu suka fito fili da zancen mijin da ke tauye iyalinsa, kamar yadda ta yi a Alhaki Kuykuyo Ne. Abin da suka faɗa da babbar murya, yana nan kwance cikin raha a gidan Kalala tun kusan shekara hamsin kafin su.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Ga masu bugu da masana: lokaci ya yi da za a fitar da Magana Jari Ce mai ɗauke da sharhi, inda za a nuna tushen kowane labari da abin da Imam ya ƙara ko ya rage. Wannan zai ƙara masa daraja, domin gwanintarsa a wurin sauyin take. Ga malaman Hausa kuma, tun daga Gaya har Ajingi: a ajiye wa ɗalibai Gretel da Kalalatu gefe da gefe, a bar su su gano bambancin da kansu, sannan a tambaye su wa ya fara zaluntar wani a gidan nan. Amsar da 'yan mata za su bayar ba lalle ta zama irin ta samari ba, kuma daga wannan saɓani ne nazarin labarin zai fara.