Abotar Peggy da Maddie a Littafin The Hundred Dresses

Bayan na yi ritaya ne na karanta The Hundred Dresses, littafin yara da Eleanor Estes ta Amurka ta fitar a 1944. Labarin Wanda ne, yarinya 'yar asalin ƙasar Foland, mai zuwa makaranta kullum da shuɗiyar riga ɗaya da ta koɗe, tana kuwa cewa riguna ɗari gare ta a gida. Peggy ce uwar yi mata ba'a.

Ni dai hankalina a kan Maddie ya tsaya, ƙawar Peggy. Ita ma 'yar talakawa ce, kwancen rigunan Peggy take sawa, tana tsoron ranar da ba'ar za ta juyo kanta. Ta taɓa soma rubuta wa Peggy takarda cewa a daina, sai ta yayyaga. Irin wannan shirun na sha ganinsa a ofis, ni ma na yi shi.

Da iyalin Wanda suka ƙaura, abin ya hana Maddie barci. Peggy ta raka ta neman gidansu, amma har tana cewa wataƙila tsokanarta ce ta sa Wanda ta ci gasar zane. A nan marubuciyar ta yi gaskiya: ba ta tilasta wa Peggy cikakkiyar tuba ba, ba ta kuma raba ƙawayen ba.

Inda ban gamsu ba shi ne wasiƙar da Wanda ta aiko tana ba su kyautar zanenta. Ta sauke wa Peggy nauyi tun ba ta ɗauka ba.